Wai Waƙata Ba Ta Nuna Ba

Masu turo min bidiyon nan na waƙar da na yi a dinar auren abokina a WhatsApp da alamar dariya, na gani, na gode, ku daina. Ni ne a ciki, a gabana aka yi. Tun da kowa ya kalli guntun abu ya yanke hukunci wai waƙata ce ba ta nuna ba na fito da ita, bari in ba ku yadda aka yi, don wanda ya ɗauki bidiyon sai da abu ya lalace sannan ya ciro waya. Zan zo kansa.

Kun san mutumina, kun kuma san tun muna makaranta nake cewa ranar aurensa ni zan yi masa waƙa. Aka sa rana, na zauna na tsara baitoci da amshi mai shiga kunne. Na ɗauko ƙanin matata da ɗan mai shayin bakin layinmu suka zama 'yan amshi. Kullum bayan isha'i muna soro muna tusawa, har maƙwabci ya aiko yaro a tambaya ko lafiya. Waƙa ta zauna daram. Ina wanka ina yi, ina kan babur ina yi, ranar nan har a layin shan mai wani ya juyo ya karɓa min amshi. Sai abin da kuka sani ya faru, aka dawo da kayan sa rana, kowa ya kama gabansa. Ba hurumina ba ne, ba zan shiga ba. Bayan 'yan watanni mutumina ya zo baki har kunne, wai ya samu wata, an ma tsayar da lokaci, waƙa tana nan ko? Na ce tana nan. Ya ce to a canja suna, a ɗan taɓa wurin kirarin iyaye, shi ke nan.

Da na duba, sunan waccan da sunan wannan gaɓarsu ɗaya, ƙarshensu ɗaya, amsa-amo ko motsi bai yi ba. Na ce wannan taimakon Allah ne.

Muka tafi situdiyo a Titin Gidan Zoo, irin benayen nan da kowane ɗaki ka leƙa akwai yaro da fiyano da kwamfuta, an manne bango da soso. Wanda bai taɓa shiga ba ya ɗauka mawaƙi tsayawa yake ya rero waƙa daga farko har ƙarshe. Ina! Mai kiɗa ne zai fara ɗora kiɗansa a fiyanon Yamaha, ganga da kalangu da sarewa duk daga cikin maɓallai. Sannan a tura ka wani ɗan akurki, a maƙala maka abin ji a kunne, wayarka na hannu kana karantawa. Layi ɗaya za ka yi ya ce tsaya, sake. In numfashi ya yanke maka a tsakiya, ya datse daga nan ya ɗinka. Amshi kuwa sau ɗaya ake yin mai kyau, sai ya kwafe ya jera bayan kowane baiti. In murya ta karkace akwai Auto-Tune mai miƙe ta, ita ce ke ba waƙoƙin biki wannan ɗan kaɗawar da kuke ji kuna cewa baiwa ce. Ƙanin matata ya bi ni. Ɗan mai shayi bai samu zuwa ba, babansa ya tsare shi a tebur, na ce ba komai, zan gaya masa gyaran. Ku riƙe wannan.

Da yaron situdiyo ya kunna min abin da ya haɗa, wallahi sai da na waiga in ga wa ke waƙar. Ya juyo da kujerarsa ya ce, "Oga, wannan ta wuce wurin." Ya zuba min a filas. Na kunna wa uwargida tana tsintar shinkafa, ta ce ta yi, ko ɗagowa ba ta yi ba, amma dai ta ce ta yi. Mai adaidaita sahun da ya kai mu Kantin Kwari karɓo anko ya ji a wayata ya ce don Allah in tura masa ta Xender. To me ya rage? Mai kiɗa ya yarda, iyali sun yarda, talakan gari ya yarda. Kuma shirin ma mamin ne, yadda kowa ke yi: DJ ya saka filas, kai ka riƙe makirufo kana motsa baki kana nuna amarya da yatsa.

Ranar dina na isa da wuri, cikin babbar riga da hulata zanna sabuwa fil. Damina ce, gari ya haɗa. A bayan ɗakin taron na tarar da wani dattijo tsugune kusa da wutar mai tsire, yana juya kalangu yana gasa fatar, don danshi kan sa ta saki ta daina amo. Ashe dangin amarya mahauta ne na asali, kalangu kuwa kiɗansu ne tun kaka da kakanni, ba za su aurar da 'ya ba makaɗin gidansu bai taɓa ba. Na gaishe shi.

"Samari, kai ne mawaƙin?"

"Ni ne, Baba."

"Ta nuna?"

Na ciro filas daga aljihu na nuna masa. Ya kalli filas, ya kalle ni, ya ƙwanƙwasa fatar da ɗan yatsa ya kara kunne, ya mayar da ita kusa da wuta. Sannan ya ce shi a saninsa waƙa daddawa ce, sai an rufe ta ta kwana ta ɗauki wari kafin ta shiga miya. Ya ce in kana son sanin ta nuna, a tashe ka cikin dare a jefa maka layi daga tsakiya, ka kama ba ka buɗe ido ba. Ka yi ta ana zuba maka kuɗi a fuska, wani na ja maka riga yana raɗa maka a kunne ka saka sunan Alhaji wane, goyo na tsala ihu a gefe, amma bakinka na tafiya shi kaɗai ba ka tura shi ba. Ya ce makaɗan fada a gida suke zama da 'yan amshinsu su yi ta tusa waƙa kafin a kai ta gaban sarki, domin a can ba a cewa tsaya, sake.

Na ce, "Baba, ai Shata nan take yake yi."

Ya ce, "Haka ne. Har Allah ya karɓi abinsa a 1999 yana yi. Amma kafin nan shekara nawa ya yi makaɗansa na bayansa, sun san inda zai ja numfashi tun bai ja ba? Kai wa ke bayanka?"

Na nuna masa yarana biyu, suna can suna rigima da mai tsire a kan ɗanɗano. Bai ce komai ba.

Yanzu ina so masu cewa ba ta nuna ba su sake karanta sharuɗɗan Baba. A tashe ni cikin dare? Tambayi uwargida, cikin barci ma na sha yi. Baki ya tafi shi kaɗai? Za ku gani.

Aka shigo da ango da amarya, aka yi addu'a, aka fara rabon abinci. MC ya kira ni da kirarin da ni kaina na ji kunya, wai na yi wasa a Yamai da Kumasi, ni da iyakata Wudil. Na hau. DJ ya saka filas, kiɗa ya tashi, muryata ta cika ɗaki tana kaɗawa. Na motsa baki daidai, na nuna amarya, na nuna ango, ƙawaye suka yi guɗa. Baiti na farko ya wuce lami lafiya, amshi ya zo da sunan amarya tsaf, aka taso liƙi. Wannan wurin ba ya cikin bidiyo. Minti guda ne mafi daɗi a rayuwata, ba wanda ya ɗauka.

Iska ta taso, ƙofa ta bugu, wuta ta ɗauke ɗif.

Aka kunna fitilun waya, aka yi ta kiran mai janareto. Janareto ya tashi, fitilu suka dawo, makirufo ya dawo da wannan ƙarar mai tsinka kunne. Kiɗa ne bai dawo ba. Kwamfutar DJ batirinta ya mutu tun ba yau ba, sai da wuta take aiki, ta mutu tare da wutar, yanzu tana tashi a hankali tana neman lambar sirri, wanda ya san lambar kuma yayansa ne, ya fita neman canji. Ni ina tsaye, makirufo a hannu, jama'a na kallona. Da MC mutumin kirki ne da sai ya ce a ci abinci tukuna. Sai ya ɗaga murya ya ce, "Mawaƙin gaskiya ba ya jiran na'ura! Baba, a ba shi kiɗa!"

Baba ya taso, kalangu a hammata, yaronsa na biye da ɗan ƙaramin. Baiti ɗaya tak ya ji, amma da ya ɗora makaɗi sai ga kiɗan waƙata sak, har ya fi na fiyano daɗi, yana matse tsarkiya yana saki, kalangu na lanƙwasa. Tsigar jikina ta tashi. Na ce yau za a san ni. Na jefa waya a aljihu, na ware hannun babbar riga, na kama baiti na biyu da muryata ta Allah. Kuma ta fita, ku tambayi waɗanda ke wurin. Ba kaɗawa, amma ta fita. Ban nemi kalma ɗaya ba, suna zuwa da kansu, ina ma iya kallon jama'a ina murmushi. Wata tsohuwa ta taso da ƙyar tana dogara sanda, kakar amarya ce, ta kwance bakin zani ta ciro naira 200, ta danna min a goshi. Gumi ya riƙe ta. 'Yan hamsin ɗin nan na leda zamewa suke su faɗi, amma ta takarda in ta samu gumi sai ta zauna. Ga ni da Sardauna a goshi, na shiga amshi.

Amshin nan sau uku ake kiran suna a cikinsa.

Na kira na farko da dukkan ƙarfina. Na ji ɗaki ya yi tsit, na ce waƙa ta ratsa su. Na kira na biyu har da jan ƙarshen, ina nuna amarya da hannu biyu. A nan 'yan amshi suka shigo. Ƙanin matata, da yake ya je situdiyo, ya kira sunan amarya. Ɗan mai shayi, wanda muryarsa ta saba kiran masu bashi daga tsallaken titi, ya kira irin wanda na kira, ya danne shi. Sai Baba, da yake aikinsa bin bakin mawaƙi ne, ya maimaita sunan da kalangu. Sunayen nan biyu gaɓarsu ɗaya amma karinsu daban, ɗaya hawa yake ɗaya sauka, kuma tsofaffin gidan mahauta suna jin maganar kalangu yadda kuke jin labarai a rediyo. Wato ko akwai wadda kunnenta bai kama daga bakina ba, ta kama daga fata.

Ni fa har lokacin ban san me ake ciki ba. Ango na kalla don ya ɗaga min hannu, na gan shi ya duƙufa yana karanta rubutun jikin gorar ruwa, yana juya ta a hankali. Na kalli amarya, na ga ta ɗage mayafi da yatsa ɗaya, tun da aka shigo kanta ke ƙasa, sai yanzu na ga idonta. Daga teburin ƙawaye wata ta ce, "Wa?" Ba da ƙarfi ba, amma ɗakin ya yi shirun da kowa ya ji. A nan kunnena ya gaya min abin da bakina ya faɗa, lokacin kuwa na uku na kan hanya. Na yi ƙoƙarin juya shi a iska. Farkon sunan waccan ya riga ya fita, na liƙa masa ƙarshen da na ga dama, ya fito wani suna na daban wanda ba na kowa ba, amma suna ne na mata sosai, ana sa wa yara.

Wani daga can baya, bakinsa cike da shinkafa, ya ce, "Wai su nawa ne?"

Ɗaki ya fashe. Ɓangaren abokan ango kenan. Ɓangaren amarya ko tari ba wanda ya yi.

Magana zarar bunu ce, don haka na ce mafita ita ce gaba, in tsallaka baiti na uku inda ake kirarin iyaye, in wanke kaina. Baba bai tsaya ba, ni ma ban tsaya ba. Bakin nan da ke tafiya shi kaɗai ya ɗauko kirarin uban amarya: mai dilolin atamfa a Kwari, wanda ba ya auna yadi da ƙwauro. A gaban tebur uku na mahauta. Uban amarya na zaune a tsakiya, mutumin da tun yana yaro yake fawa, ya juya ya kalli ƙaninsa, ƙanin ya kalli silin.

Sai na ga tsohuwar nan ta juyo. Ta riga ta kusa kujerarta, ta dawo da sandarta, taku ɗaya-ɗaya, ana buɗa mata hanya. Na ɗauka ƙari za ta yi, har na ɗan sunkuyo mata, ina ci gaba da rerawa. Ta sa farce ta kama gefen naira 200 ɗin, ta ɓare ta daga goshina a hankali don kada ta yage, ta goge gumin a hannun babbar rigata, ta ninke ta huɗu, ta ɗaure a bakin zani. Ta ce, "Kai ɗan nan, je ka waccan ta ba ka." Makirufo na bakina, ita ma ya ɗauke ta. An ce dokar Babban Banki ta 2007 ta hana liƙi, a 2024 ma an gurfanar da mutane a kai. Ina so masana shari'a su duba min, wanda ya liƙa ya dawo ya cire, shi me doka ta ce a kansa?

A daidai nan yayan DJ ya dawo ya saka lambar. Kwamfuta ta ɗora daga inda ta tsaya, sauti a ƙure. Muryata ta situdiyo ta cika ɗaki, mai zaƙi, mai kaɗawa, tana kiran sunan amarya daidai sau uku, ni kuma ina tsaye bakina a rufe, hannuna a goshi. Wanda bai san mamin nake yi da farko ba, yanzu ya sani.

Mu dawo kan mai bidiyo. Babban aboki ne wai. Kun san shi, mai jar hular nan da ba ya cirewa ko a wurin ƙwallo. Mutumin nan tun da aka fara hidimar bikin bai ɗauki ko kujera ɗaya ba. Kuɗin ankonsa ni na cika masa a Kwari, ya ce zuwa Juma'a, Juma'o'i nawa aka yi. Ranar ɗaurin aure shi ya zo a makare, ya shige gaba a hoto ya tare kawun ango. A dinar nan lokacin da nake baiti na farko yana can yana tattara naman teburin da mutanensa ba su iso ba, yana zubawa a leda, na gan shi da idona daga kan dandamali. Wuta na ɗaukewa ya ƙara cinya biyu. Amma da ya ji an ce "Wa?", hannun da ke da maiƙo ya goge a labulen mutane ya ciro waya. Ku lura da bidiyon, akwai wani dishi-dishi a gefen dama, man kaza ne. Kuma dariyar da kuke ji kusa-kusa, mai kama da shaƙuwa, tasa ce. Shi ne fa ya haɗa mutumina da waccan tun farko, shi ya riƙa raka shi zance, shi ya fara cewa sunanta zai yi daɗi a waƙa. Yau shi ke rubuta "mawaƙin shekara" a sitatus. Na kira shi a kan kuɗin anko ya ce yana wurin ta'aziyya, ina jin ana buga ludo.

Fita dai ta ƙofar masu abinci na yi, cikin ruwa. A ƙarƙashin rumfar mai tsire na tarar Baba ya riga ni, yana naɗe kalangu a tsumma kada ya jiƙe. Na yi niyyar wucewa, ya kira ni.

"Samari."

"Na'am, Baba."

"Ai ta nuna. Ban taɓa bin yaron zamani bakinsa na zuba haka ba. Ba dai ta gidan nan ba ce."

Ga shaidar masani, wanda ya gaji abin. Sai ku ci gaba da cewa ba ta nuna ba. Wadda aka tusa a soro ta nuna har ta wuce, wadda aka ɗinka a situdiyo kuma filas ne ya haddace ta, shi ma da aka ba shi wuta ai ya faɗa daidai. In akwai wanda za a tuhuma, a fara da wanda ya canja amarya bayan an gama waƙa, sai DJ da mataccen batirinsa, sai MC. Ɗan mai shayi ya ce wai ban gaya masa gyaran ba. Na aika masa, ƙaninsa na ba saƙon, su je su sasanta a gida.

Ango yana ɗaga wayata yanzu, amma a waje, kuma a gajarce. Ya ce in ɗan dakata da zuwa gidan sai an kwana biyu. Uwargida tun ranar ba ta ce komai ba, illa in tana shara sai in ji tana rera amshin a hankali, ban kuma tsaya na ji wane suna take sakawa ba. Yaron situdiyo ya turo a cika masa ragowar kuɗinsa, har da shawarar wai mu yi wa waƙar bidiyo tun da ta samu karɓuwa.

Sannan hulata. A wurin fita ta faɗi, tsakanin dandamali da ƙofar masu abinci, zanna ce mai ruwan toka da baƙin zare. Wani ya ce ya ga irinta a kan ɗaya daga cikin masu kwashe kujeru, wani ya ce a'a, mai jar hula ya gani da ita a hannu. Duk wanda ke da ita ya ajiye min a wurin mai shayi. Ko a'a, kada a kai can, a kawo shago.